Wake da Waƙa

Ƙarƙashin gadar Obalende, da la'asar sakaliya,
ina cikin danfo, gwiwata a haƙarƙarin wani,
buhun garin wata mata a kan ƙafata,
sai kwandasta ya maƙale a bakin ƙofa
ya saki maƙogwaro.
Bayarabe ne, yaro, ko gemu bai fara ba.
"Wake-wake-soja, nama-na-tafiya,"
yana yi yana dukan rufin mota.
Kalmomin sun sha hannu kamar tsohuwar naira,
fuskarsu ta goge, amma na shaida su.

Waƙar kakana ce.

Saje Nomau, mai tabo a ƙwauri,
wanda ya ajiye kaki ya ƙi komawa Zuru,
ya kafa teburin gyaran rediyo a bayan bariki
don kada ya yi nisa da begila.
Ya ce shi ya ƙaga ta. Kofur Jatau ya ce ƙarya yake,
shi ya fara, ran da aka ba shi takalma biyu duk na hagu.
Shekara talatin suna wannan musu
a benci ɗaya, kan butar shayi ɗaya.

A waƙar, wake ma da sojojinsa:
ƙwari baƙaƙe na fareti cikin langa,
kuku ya ce kar a tsince, ai su ne naman.
Albashi kuwa gurgu ne,
ya taso daga Ikeja tun ɗaya ga wata,
har yau yana hutawa a Oshodi.
Samanja, gashin bakinsa kan riga shi shiga ɗaki.
In ya daka tsawa sauron Legas kan ƙame,
ya sara masa,
sannan ya ci gaba da cizo.
Akwai baitin da ba a yi gaban yara.
In an zo nan sai kakana ya kama tari,
Jatau ya cike gurbin da fito,
kakata Asabe ta wurgo murfin tukunya daga madafa.

Na taɓa tambayarsa ina ɗan firamare:
"Baba, ku ba ku da waƙar jarumta ne?"
Ya daɗe yana hure ƙura daga cikin wata rediyo.
Ya ce, "Wanda ya je, wake yake tunawa.
Kwana uku muka yi a rami, ruwa iya ƙugu,
Ɗantani na gefena yana raɗa mana baitin takalmi,
muna dariya ba sauti, kafaɗu kaɗai ke rawa.
Da gari ya waye, babu mai ba da baitin.
Sai muka ɗauka, ni da Jatau.
Ai ba a barin layi da giɓi."
Ya murɗa rediyon, ta yi shuuu.
Ya ce batir ne.

Washegari suka koma musunsu,
kowa na rantsuwa tasa ce.

Yanzu bencin ya zama shagon sayar da caja.
Nomau na kwance a Agege, Jatau an kai shi gida,
ga waƙa a rataye a ƙofar danfo,
ƙafa ɗaya a mota, ɗaya a iska.

Na ce, "Kai, ina ka samo wannan?"
Ya ce wurin direba, shi ma wurin wani maigadi.
"Me take nufi?"
Ya ɗaga kafaɗa: in an yi ta, cunkoso kan motsa.

Kafin mu kai Yaba na koya masa baitin takalmi.
Ya karya shi gida uku, ya mai da hagu "agu",
matar buhun gari ta yi dariya har da hawaye,
ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Na sauka. Motar ta ja, muryar na bin ta.
Sai da na tsallaka titi na tuna
bai ba ni canjina ba.
Na ce bari, yana hanya,
wataƙila ya tsaya hutawa a Oshodi.